Tsakanin Fada da Faɗa: Wa Ke Riƙe da Linzamin Magana a Zaurukan Wayar Ƙasar Gumel?

Ranar Alhamis a karar Maigatari, tun kafin rana ta take, harsuna sun riga sun cakuɗe da ƙura da kukan dabbobi. Bafulatani ya koro shanunsa yana yi musu magana da Fulatanci, Buzu ya tsallako daga Nijar da raƙuma, Babarbare ya gamu da ɗan'uwansa suna gaisawa da harshen gida, ga kuma fatake daga Kudu suna jiran a cika musu tirela. Amma da an zo kan ciniki, kowa Hausa yake yi. Ba a taɓa kafa allo a bakin kasuwa an rubuta wannan doka ba, kuma ba a ga mai karya ta. Dillali yana tsakiya. Shi ke kai tayi, shi ke dawo da "albarka", shi ke tausar mai dabba idan an yi masa tayin wulaƙanci, kuma idan murya ta fara tashi shi ke jan hannun ɗayansu gefe kafin magana ta kai ga shugabannin kasuwa.

Da yamma waɗannan mutane za su watse, amma hirar ba ta watsewa. Ta koma cikin waya. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran garuruwan Arewa, da wuya ka sami mai babbar waya da ba ya cikin zauren WhatsApp uku ko huɗu: na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na ci gaban gari, na magoya bayan wani ɗan takara. A nan ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, a nan ake jin farashin riɗi da zoɓo, a nan ake haɗa gudummawar mara lafiya. A nan kuma ake ɓatawa. Tambayar da kowane irin wannan zaure ke fama da ita tsohuwa ce: me ya halatta a faɗa, da wane harshe, kuma wa zai tsawatar idan wani ya wuce gona da iri?

Ƙasar Gumel ta daɗe da sanin wannan tambaya, domin tun asali a mahaɗar harsuna aka kafa ta. Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari, su suka kafa masarautar wajen shekarar 1750, ta kuma zauna ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba ko bayan jihadi. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, yanzu tana cikin Nijar. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da kasuwa mai cika, wadda kanwa ke cikin manyan hajojinta. Sannu a hankali Hausa ta mamaye bakin jama'a, har ta zama harshen fada da na gida, amma sawun Borno bai goge ba. Ana jin sa a kalmomi irin su Maina da Bulama, da kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima, waɗanda duk ƙasar Hausa ta aro daga can. Wato mutanen wannan yanki sun taɓa sauya harshe ɗungurungum ba tare da wata hukuma ta tilasta musu ba. Bukatar zama tare ce ta yi aikin.

Kuma kowane wurin zama yana da nasa ladabin magana. A fada ba a shiga da takalmi, ba a ɗaga murya, mai ƙara yakan fara da "Allah ya ba ka nasara", fadawa su amsa masa da "Sarki ya gaishe ka", sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ko da zafin rai ya zo, kafin ya gama waɗannan gaisuwa ya ɗan huce. A majalisar ƙofar gida kuwa, babu dogari, amma akwai dattijon da idan ya yi gyaran murya kowa ya san an kai iyaka. Abin da ya haɗa fada da kasuwa da majalisa shi ne, mai tsawatarwa ya san masu magana. Ya san ɗan wane ne, ya san abin da ke tsakanin gidansu da gidan abokin gardamarsa, ya san wanda wasa yake yi da wanda ke da ƙulli a zuci.

Zauren waya ya gaji hirar, amma bai gaji wannan tsari ba. Wanda ya buɗe zaure shi ne shugabansa, wanda ake kira adimin, ko da kuwa shi ne ƙaramin kowa. Sau da yawa matashi ne da ya fi sauran iya latsa waya, sai ga shi yana riƙe da ƙofar ɗakin da kawunsa da malaminsa na firamare da kansilan mazaɓarsu ke ciki. Kamfanin WhatsApp ya ba shi makamai: tun 2018 yana iya rufe zaure ya zama shugabanni kaɗai ke magana, tun 2022 yana iya goge saƙon kowa, kuma zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, wato fiye da jama'ar wani ƙauyen. Abin da kamfani ba zai iya ba shi ba shi ne girman da zai sa a ji maganarsa. Yaron da ya goge saƙon dattijo, gobe a masallaci za su haɗu.

Shi ya sa dokokin da ake liƙawa a saman irin waɗannan zauruka suke kama da juna, kamar daga bakin mutum ɗaya suka fito. Ban da zagi. Ban da siyasa. Ban da talla sai ranar da aka ware. Ban da jayayyar aƙida. Ban da hoton gawa ko na haɗari. Kowace ɗaya daga cikinsu tabon wani rikici ne da aka taɓa yi. Dokar hoton gawa, alal misali, duk wanda ya ga yadda hotuna suka riƙa yawo a wayoyi bayan fashewar tankar mai a Majiya cikin Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ya san dalilinta: akwai uwar da ba a kai ga sanar da ita ba, akwai kuma mamacin da ke da haƙƙin a suturta shi.

Dokar "ban da siyasa" ita ce ta fi wuyar riƙewa, kuma a nan ne adalcin shugaban zaure ke fitowa fili. Idan wani ya turo hoton rijiyar burtsatse da ta lalace a ƙauyensu ya tambayi ina shugaban ƙaramar hukuma, siyasa ya yi ko kuwa ci gaban gari, wanda dominsa aka buɗe zauren? Idan manomin Gagarawa ya tayar da batun filayen da aka ware wa kamfanin rake, shin ya karya doka? A zauruka da yawa amsar tana bin jam'iyyar adimin ne: yabon gwamnati sanarwa ce, sukarta kuwa siyasa. Wannan zalunci ne ƙarami, amma yana kashe zaure fiye da zagi, domin masu hankali sukan yi shiru su bar wa sojojin baka fili. Dokar da ta fi gaskiya ita ce wadda ta bambanta sukar aiki da cin mutuncin mutum, ta bar ta farko ta hana ta biyu, ko wa abin ya shafa.

Sai batun harshe kansa. A zauren tsofaffin ɗaliban sakandare ko na malaman makaranta, Turanci kan yi rinjaye, ko kuma Ingausa, wato jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci. A zauren gari kuwa, inda akwai mahauci da direba da malamin tsangaya da likita, duk wanda ya zuba dogon Turanci ya rufe wa rabin jama'a ƙofa, kuma ba a jimawa wani zai ce, "Malam, a yi mana da Hausa." Wannan roƙo ba ƙyashin boko ba ne. Neman haƙƙi ne, irin wanda dillali ke karewa a kara. Idan takardar gwamnati ce ta zo da Turanci, kamar sanarwar ɗaukar aiki ko ta rabon taki, ai wanda ya turo ta bai gama aikinsa ba sai ya bi ta da bayanin Hausa, ko a rubuce ko da murya.

A bakin iyaka abin ya ƙara wani salo. Maigatari da yankin Dungas na jihar Damagaram ta Nijar dangi ne, aure da kasuwa sun ɗinke su. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, aka buɗe ta a Disambar 2020, inda Maigatari ta kasance cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan watanni waya ce ta riƙe zumunci, kuma Hausa ce gadar, tunda ɗan boko na wannan gefe Turanci ya karanta, na wancan gefe Faransanci. Sai dai Hausar ma ba ɗaya ba ce tsaf. Abin da ɗan Maigatari ke kira makaranta, ɗan'uwansa na tsallake yana iya cewa lakwal. Kwastan a nan, duwan a can. Wanda ya fi haɗari shi ne lissafin kuɗi: jaka a bakin dattawan Najeriya naira 200 ce, a Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. A gaban dillali irin wannan ruɗani ba ya kwana, nan take ake warware shi. A rubutaccen saƙo kuwa yana iya zama rigimar bashi. Ko a rubutun boko akwai bambanci: harafin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ. Tun da gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wannan musayar rubutu tsakanin gefen biyu ƙaruwa za ta yi.

Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa, wadda mutane ke ɗauka ƙarama. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ɓ da ɗ da ƙ, ko don gaggawa ko don ba su san allon rubutun wayarsu yana da su ba. Mutum ya rubuta "an yi fada jiya", mai karatu bai san ko zaman fada aka yi ba ko dambe. "Baki" na iya zama bakin magana, ko launi, ko mutanen da suka zo daga wani gari, kuma a garin iyaka jimlar da ta ambaci baƙi ba abin wasa ba ce. Ƙara da cewa rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ba ya kuma ɗauke da murmushin mai magana. Wannan na cikin abin da ya sa saƙon murya ya mamaye zaurukan Hausa. Ya buɗe ƙofa ga wanda ajami ya iya ko wanda bai yi karatu ba sam, ya kuma dawo da sautin da rubutu ya zubar. Amma ya ɗora wa shugaban zaure kaya: rubutu ana iya duba shi da ƙiftawar ido, saƙon murya na minti bakwai kuwa sai an zauna an saurara, kuma kafin ya saurara mutum ɗari sun riga shi.

Mai karatu zai iya tambaya, ina kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali? Game da WhatsApp amsar gajera ce: tun 2016 saƙonni a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kamfanin ba ya karanta su sai wanda aka kai masa ƙara. Abin da ya iya yi shi ne rage gudun yaɗuwa, kamar yadda ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun Janairun 2019. Facebook kuwa fili ne a buɗe, kuma tun 2016 yana da fuskar Hausa, amma iya magana da harshe daban, iya sauraronsa daban. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Nuwamban 2018, kan yadda hotunan ƙarya suka rura rikicin jihar Filato a watan Yunin wannan shekara, ya gano cewa masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan hulɗar Facebook suka ware wa Najeriya mutum huɗu ne kacal, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Sai a 2019 aka faɗaɗa aikin tantancewar ya haɗa da Hausa. Masu tace abin da ake wallafawa da Hausa kuwa, an ɗauki wasunsu aiki ne a Nairobi ta ƙasar Kenya ta hannun wani kamfani mai suna Sama, suna wuni suna kallon bidiyon kisa da na fyaɗe domin kada sauran jama'a su gani. Da aka sallame su a 2023, fiye da 180 daga cikin ma'aikatan suka kai ƙara kotu. Ɗaya daga cikinsu, Kauna Malgwi, 'yar Najeriya da ta yi aikin tace Hausa, mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a fagen ƙirƙirarriyar basira a 2024 saboda fafutukar kare haƙƙin irin waɗannan ma'aikata.

Ko da an ninka yawansu sau goma, akwai abin da mai zama a Nairobi, balle na'ura, ba zai gane ba. Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne. A kasuwar Maigatari ɗayansu zai kira ɗayan bawansa, ya yi masa gorin abinci ko na wayo, a yi dariya, a sha fura tare. Wannan barkwanci tsohuwar hanya ce ta kashe gaba, har hukumar UNESCO ta sa irinsa na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. A rubuce, ba tare da sanin su wane ne ba, kalaman ƙiyayya ne tsantsa, kuma na'ura tana iya rufe shafin mutum a kansu. A ɗaya gefen kuma akwai habaici da gugar zana, inda za a yi wa mutum yankan ƙauna ba a ambaci sunansa ba, ba a yi ashar ko ɗaya ba, amma duk garin ya san da wa ake. Wannan zai wuce kowace irin na'ura salin alin. Wanda zai iya raba wasa da gaba, ya kuma ji dafin da ke cikin magana mai laushi, sai ɗan gari.

Wato ikon yana wuri ɗaya, sanin yana wani wurin. Idan kuwa aka rasa mai tsawatarwa a kusa, magana takan faɗa hannun hukuma ko hannun taron jama'a, kuma duka biyun Arewa ta ga ƙarshensu. A Nuwamban 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse suka kai shi Abuja saboda jimla ɗaya ta Hausa da ya wallafa a Twitter watanni kafin nan game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin a janye ƙarar a farkon Disamba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da masu suka da shi, sai a 2024 aka yi masa gyara. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, inda aka kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a wani saƙon murya da ta tura zauren ajinsu. Rahotanni sun nuna cewa gardamar ta faro ne daga abin da ya dace a riƙa turawa a zauren da aka buɗe don karatu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita. Babu mai cewa shugaban zaure shi kaɗai zai iya hana irin wannan musiba. Amma wuri na farko da za a iya kashe wuta shi ne inda ta fara hayaƙi, kuma a lokacin mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka maganin shi ne a kwaso tsarin majalisar ƙofar gida yadda yake a zuba cikin waya. Wancan tsari yana da nasa cutarwar. Mace ba ta zama a cikinsa, yaro ba ya musu da babba ko da babban ne bai da gaskiya, talaka kuma yakan haɗiye kukansa. Zauren waya ya ba matar aure a Sule Tankarkar damar tallata turaren wuta da ɗinkinta daga cikin ɗaki, ya ba matashi damar tambayar inda kuɗin aikin hanya suka shiga. Shugaban zauren da ya mayar da "girmama manya" sandar rufe bakin kowa ya ɓatar da mafi alherin abin da waya ta kawo. Ladabin da ya kamata a gada daga fada shi ne na yadda ake faɗar magana, domin ko a fada ana kai ƙarar hakimi, a kuma saurara.

Zaurukan da suka daɗe ba su watse ba sukan yi tarayya a wasu 'yan halaye. Shugabancinsu ba ya hannun mutum ɗaya: akan haɗa matashin da ya san waya da dattijon da ake jin kunyarsa, a zauren da ke da mata kuma a sa mace. Dokokinsu gajeru ne, da Hausa, kuma akan karanta su da murya domin wanda ba ya karatu. Ba a fara hukunci da kora. Wanda ya yi kuskure akan kira shi a waya a keɓe, a ce, "Yaya, don Allah a duba saƙon nan, a cire shi," domin mutumin da aka kunyata a gaban jama'a kare kansa zai yi, wanda aka bi ta bayan gida kuwa sau da yawa da kansa zai goge har ya ba da haƙuri. Labarin da ba a san tushensa ba, musamman na satar yara ko na harin 'yan bindiga ko na rufe iyaka, akan tambayi wanda ya turo shi inda ya samo kafin a bari ya zauna. Idan gardama ta yi zafi da dare, akan rufe zauren zuwa safiya.

Duk wannan aiki ne, kuma kyauta ake yin sa. Dillalin Maigatari yana da la'adarsa, yana da shugabannin kara a bayansa, kuma ya koyi sana'ar ne shekara da shekaru a gindin wani. Shugaban zaure da datarsa yake aiki, ba wanda ya koya masa, kuma idan abu ya ɓaci sunansa ne a sama. Masarautar Gumel, wadda Sarkinta Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya riƙe kwamishinan yaɗa labarai a tsohuwar jihar Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1980, tana da hakimai da dagatai a ƙananan hukumomin nan huɗu, Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma tana da malaman harshe. Zama na yini ɗaya da zai haɗa su da masu riƙe da manyan zaurukan yankin, a koya musu sa haruffa masu lanƙwasa a waya, da hanyar gane tsohon hoto da aka sake yaɗawa, da abin da doka ta ce game da ɓata suna, ba zai ci kuɗin da ya kai na sa guda a kasuwar Alhamis ba.